Almakashin Hukuma da Kukan Marasa Rinjaye: Tambaya Daga Kafanchan

Tambayar da muke son mu tattauna a wannan maƙala gajeriya ce a baki, amma tana da tsawo a aikace. Idan aka shirya fim, sa'annan waɗansu mutane 'yan kaɗan suka tashi suka ce fim ɗin ya taɓa musu addini, mene ne ya wajaba a kan hukumar da ta yi rantsuwa cewa ita ba ta da addinin kanta? Ta ɗauki almakashi ta yanke, ko kuwa ta toshe kunne ta bar fim ya fita? Mun zaɓi mu yi wannan tambaya daga Kafanchan, domin a Sakkwato ko a Inugu mutum yana iya rayuwa har ya tsufa yana ganin ya san wane ne mai rinjaye, wane ne kuma maras rinjaye. A Kafanchan irin wannan zato ba ya kwana.

Jirgin ƙasa ne ya raya garin. Tun da layin dogo na gabas ya iso nan a 1927 ya zama mahaɗa, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta tuɗaɗowa daga kowace kusurwa, daga baya kuma fadar Sarkin Jama'a ta taso daga tsohon mazauninta ta dawo cikinsa. Kewaye da garin akwai Fantswam da Kaninkon da Kagoro da Bajju da Atyap da Ham da sauransu, waɗanda akasarinsu a yau Kirista ne. Bahaushe Musulmin da aka haifi kakansa a bayan fada, da zarar ya hau mota ya nufi Zonkwa ko Kwoi, ya san cewa shi da mutanensa 'yan kaɗan ne. Shi kuwa Kirista ɗan Bajju, da zarar ya wuce Kaduna ya doshi Zariya, ya san haka game da kansa, ga shi kuma yana ɗauke da labarin shekarun da kakanninsa suka yi a ƙarƙashin hakiman da ba su suka zaɓa ba. Saboda haka idan kowannensu ya ce, "Mu ne ake dannewa," babu wanda ya yi ƙarya. Zaman kashin dankali ne, sai dai a nan na sama da na ƙasa suna sauya wuri gwargwadon inda aka tsaya aka duba.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, kamar takwaransa na 1979, ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma. An daɗe ana jayayya a kan ma'anarsa, musamman tun daga 1986 da maganar shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta ɓulla: waɗansu suna cewa ƙasa ce da ba ruwanta da addini, waɗansu suna cewa ƙasa ce mai addinai da yawa. Ko wace fassara aka ɗauka, hukuma ba ta da ikon cewa wannan aƙida ce gaskiya, waccan kuwa ɓata ce. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini har da yaɗa shi, na 39 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, sa'annan na 45 ya buɗe ƙofar taƙaita su duka biyu saboda tsaro da zaman lafiya da tarbiyyar jama'a. Ta wannan ƙofa masu tace finafinai suke shigowa. Akwai Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa wadda dokar soja mai lamba 85 ta 1993 ta kafa, tsarin mulki kuma ya yarda jihohi su kafa tasu, kamar yadda Kano ta yi a 2001. Daɗin daɗawa, sashe na 210 na kundin hukunta laifuffuka da Arewa ta gada tun daga 1960 ya mai da cin mutuncin addini a bainar jama'a laifi. Ke nan almakashin yana nan, da kaifinsa. Abin tambaya shi ne ma'aunin da mai riƙe da shi yake aiki da shi.

Ba za a fahimci hannun mai tacewa a ƙasar nan ba sai an koma ranar Juma'a, 6 ga Maris, 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Ɗalibai Kirista sun shirya taron wa'azi, suka gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda a dā Musulmi ne. A cikin jawabinsa ya jawo ayoyin Alƙur'ani. Ɗalibai Musulmi suka ce ya karkatar da ma'anarsu, ya kuma taɓa darajar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Waɗanda suka gayyato shi suka ce kwatanci kurum ya yi. Aka kaure da faɗa a makaranta, faɗa ya shiga gari, aka ƙona masallatai, aka rasa rayuka. Kafin mako ya zagayo wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, waɗanda duk a lokacin jiha ɗaya ce, aka ƙona coci fiye da ɗari. Shugaban ƙasa na lokacin, Janar Babangida, har ya kamanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula.

Abin lura a nan shi ne, a cikin dubban da suka fita da fetur da ashana a garuruwan nan masu nisa, da wuya a sami wanda ya ji wa'azin da kunnensa. Labarin wa'azin suka ji, labari kuwa ba ya tafiya sai da ƙari. Haka abin yake ga fim. A 2012, sa'ad da aka yi zanga-zanga a Kano da Zariya da Kaduna saboda wani fim na ɓatanci da aka shirya a Amurka, mafi yawan waɗanda suka fito ba su gan shi ba, ba su kuma da niyyar ganinsa. Mai tacewa ya san wannan sarai. Idan ya zauna gaban allo, rabin hankalinsa yana kan abin da fim ɗin ya ƙunsa, ɗaya rabin yana kan abin da za a ce ya ƙunsa. Shi ya sa fim irin The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020 yana ba da labarin 'yan'uwa mata biyu da 'yan ta da ƙayar baya suka afka wa ƙauyensu, sai da aka datse masa kimanin minti 24 na wuraren da suka shafi addini kafin a bari a nuna shi a gida, alhali shi ne Nijeriya ta aika gasar Oska. Ba mu ga laifin mai tacewa don ya ji tsoro ba; wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sai dai tsoro ba ya zama ma'auni, kuma ma'aunan da ake fakewa da su guda biyu ne, kowanne da inda yake yoyo.

Na farko shi ne a ce duk abin da ya sosa wa mai addini rai a yanke shi. Da jin wannan sai mutum ya ce adalci ne, har sai ya gwada shi a ƙasa. Akwai fim ɗin tarihin Yesu da aka shirya a 1979, aka mai da shi harsuna da yawa har da Hausa, ana haska shi a filayen coci da ƙauyuka, kamar yadda ake yin majigi a zamanin Turawa. Ga Kirista kallonsa ibada ce. Ga maƙwabcinsa Musulmi kuwa akwai abu biyu masu nauyi a ciki: an sa ɗan wasa ya fito a siffar Annabi Isa, alaihissalam, an kuma nuna an gicciye shi, abin da aƙidarsa ta kore. A Kagoro wannan Musulmi shi ne maras rinjaye, kuma ɓacin ransa na gaske ne. To, a juya. Kaset-kaset na bidiyon Ahmad Deedat na Afirka ta Kudu, irin na muhawararsa da Jimmy Swaggart a 1986, sun zaga Arewa lungu-lungu, cikin jigoginsu kuwa har da rushe maganar gicciye, wadda ita ce ginshiƙin bangaskiyar Kirista. Kiristan Wusasa da ke jin sautin kaset ɗin daga shagon da ke jikin gidansa, shi ma maras rinjaye ne, shi ma ransa ya ɓaci da gaske. In hukuma ta bi wannan ma'auni tsakani da Allah, tilas ta hana duka biyu, watau ta hana kowane addini faɗar abin da ya sa ya zama addini dabam. In kuwa ta hana ɗaya ta bar ɗaya, ta yanke hukunci a kan wane ne ya san gaskiyar abin da ya faru a Urushalima, hukuncin da sashe na 10 ya ce ba nata ba ne.

Ganin haka sai hukumomi su koma ga ma'auni na biyu, su ce su ba ruwansu da aƙida, zaman lafiya suke dubawa: duk fim ɗin da zai iya ta da tarzoma a hana shi. A nan ne muke son mai karatu ya ɗan dakata tare da mu, domin wannan ma'auni ya fi na farko kama da hankali, ya kuma fi shi haɗari. Me ake aunawa idan aka ce fim zai ta da tarzoma? Ana auna yawan waɗanda suka fusata da kuma abin da za su iya aikatawa. Zurfin raunin da aka yi musu bai shiga lissafi ba. Jama'ar da za ta iya cika titi, a yanke mata. Jama'ar da ba za ta iya ba, ko wadda ta zaɓi ta haɗiye fushinta, a ba ta haƙuri. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, amma a gaban mai tacewa su biyun sarki ɗaya ne.

A kudancin Kaduna akwai mutanen da suke nuna mana wannan ƙarara, kuma abin mamaki ba a cika tunawa da su ba in ana wannan muhawara. Muna nufin ragowar masu bin addinin gargajiya. A wajen Atyap da maƙwabtansu, sha'anin dodo, wanda suke kira Abwoi, asiri ne da ba a bayyana wa mata da waɗanda ba a shigar da su ba; tona shi a fili, ga mai wannan addini, keta alfarma ne mafi girma. To, a dubi yadda finafinanmu suke yi da irin waɗannan mutane. A finafinan Kudu, musamman masu jigon bishara, mai tsafi shi ne wakilin Shaiɗan, ƙarshensa ya haukace ko ya durƙusa gaban fasto. A na Hausa, Bamaguje abin dariya ne, da tulun burkutu da karyayyen harshe, ƙarshensa a yi masa wanka a sauya masa suna. Musulmi da Kirista, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan komai ba, sun haɗu a kan wannan dariya. Da a ce almakashin hukuma don kare maras ƙarfi aka ƙera shi, da a kan waɗannan finafinai zai fara sauka. Ba ya sauka, domin tsohon da ke kula da kurmin dodo ba shi da ƙungiya, ba shi da gidan rediyo, ba shi da samarin da za su tare hanyar Kaduna.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A Ingila, a 1989, hukumar tace finafinai ta hana wani gajeren fim mai suna Visions of Ecstasy saboda ya saɓa wa dokar saɓo. A daidai wannan lokaci Musulmin ƙasar suka nemi a yi amfani da dokar nan a kan littafin Salman Rushdie, kotu ta ce musu dokar addinin Kirista kaɗai take karewa. Sai a 2008 aka soke ta baki ɗaya. A Indiya kuma, inda Kirista ba su kai uku cikin ɗari ba, sun yi kuka a kan fim ɗin The Da Vinci Code a 2006. Gwamnatin tsakiya ta bari a nuna shi ga manya, da sharaɗin a rubuta cewa ƙagaggen labari ne, waɗansu jihohi suka hana shi, manyan kotunan Tamil Nadu da Andhra Pradesh suka soke hanin. Tun a 1989 kotun ƙolin ƙasar ta riga ta yanke, a wata shari'a ta fim, cewa barazanar tarzoma ba hujjar hani ba ce, aikin hukuma ne ta tsare mai nuna fim daga masu barazanar.

A jiharmu ma mun ga alamar inda irin wannan hanya take kaiwa. Ƙudurin dokar wa'azi da gwamnatin Kaduna ta kai majalisa a 2016, don maye gurbin dokar soja ta 1984, ya taɓa har da kunna kaset da faifan wa'azi a bainar jama'a, ya kuma ɗora tantance masu wa'azi a kan Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN. Niyyar hana fitina ce, ba mu musa ba. Amma duk wanda ba ya ƙarƙashin inuwar waɗannan manyan rumfuna biyu, ko ƙaramar ɗariƙa ce ko ƙaramin coci ko mai addinin gargajiya, sai ya wayi gari yana neman izini a hannun wanda yake ganinsa ɓatacce. Cocin Fentikos suka kai ƙara, a 2019 wata babbar kotu a Kaduna ta ce tilasta musu karɓar lasisi ya saɓa wa tsarin mulki. A Kano kuwa, a shekarun da hukumar tacewa ta tsananta, an ɗaure Adam A. Zango a 2007, aka kuma ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008 bisa tuhumar fitar da fim ba tare da tacewar jihar ba. Fim ɗin nasa, Tsintsiya, jigonsa zaman tare ne tsakanin ƙabilu da addinai.

Mu dai abin da muka gani shi ne, hukumar da ba ta da addini ba za ta iya tsaron aƙida ba, amma wajibinta ne ta tsare mutum. Fim ɗin da ya ce abin da Musulmi ko Kirista ko mai dodo ya gaskata kuskure ne, ya shiga fagen da masu wa'azi suke fafatawa kullum, amsarsa kuwa wani fim ne ko wani wa'azi. Fim ɗin da ya ce mutanen unguwa kaza 'yan share wuri zauna ne da ya kamata a kora, ko ya ce ƙabila kaza arna ne da jininsu ya halatta, wannan ya nuna wa wuƙa hanya, kuma duk wanda ya ga Zangon Kataf a 1992 ko Zonkwa da Kafanchan a 2011 ya san cewa irin wannan magana tana da gawawwaki a bayanta. A nan almakashi ya halatta, ko da kuwa waɗanda aka zaga mutum goma ne da ba za su iya ɗaga ko tsinke ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi da hukuma za ta yi aiki ba tare da hani ba: ta ƙayyade shekarun mai kallo, ta sa a faɗa wa mutane abin da ke ciki tun daga bango, ta kuma duba wuri da lokaci. Haska fim ɗin Yesu a harabar coci abu ne dabam da kafa allonsa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, haka nan kallon Deedat a zaure dabam yake da juya lasifika ta fuskanci coci ranar Lahadi. Sharaɗi ɗaya ne, mudun ya zama ɗaya. A cikin abubuwan da suka hura wutar Kano a Oktoban 1991, da zuwan Reinhard Bonnke, har da ƙorafin cewa an ba shi izini alhali an hana Deedat.

Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗa, wannan zance ne na wanda ke zaune a ɗakin karatu. Gwamnan da jami'an tsaro suka gaya wa cewa in an nuna fim kaza ranar Laraba za a kwashi gawa ranar Juma'a, ya zai yi da hukuncin kotun Indiya? Rai ba a mayar da shi, fim kuwa ana iya nuna shi baɗi. Mun yarda cewa a irin wannan hali ya dakatar da nunin. Amma ya kira abin da sunansa: dakatarwa ce ta kwanaki ƙidayayyu, a wuri sananne, saboda hukuma ta kasa tsaron mutane, a rubuce, yadda mai fim zai iya kai ƙara. Kada ya ce fim ɗin ne mai laifi alhali barazana ce ta rinjaye shi. Sa'annan waɗanda suka yi barazanar su gurfana gaban alƙali. Abin da muka saba gani shi ne a hana fim ko wa'azi har abada, a kafa kwamitin bincike, a sallami waɗanda aka kama, rahoto ya shiga durowa. Yaron da ya ga haka ya koyi darasi guda, cewa takardar koke ba ta da amsa, ashana kuwa ana amsa ta kafin gari ya waye. Wannan darasi maras rinjaye ne yake biyan kuɗinsa, domin in aka koma gasar ashana shi ne a ƙasa.

Ba mu ɓoye ba, wannan matsayi yana da ɗaci. Yana nufin Musulmin Kagoro da Kiristan Wusasa da tsohon kurmin dodo kowannensu zai ci gaba da ganin abin da ke ƙona masa rai, hukuma kuma ba za ta share masa hawaye da hani ba. Abin da take binsa bashi shi ne kujera a wurin da ake tacewa, ba sai ta hannun manyan ƙungiyoyi ba. A saurari kokensa tun kafin ya yi ihu. A ba shi amsa da dalilai. A ba shi fili a rediyo da talabijin na gwamnati ya mai da martani. A kuma tsare masa wurin ibadarsa a ranar da ya yi martanin.

Ga shi kuma zamani ya rage wa almakashin kaifi. Fim ɗin 2012 bai bi ta gaban kowace hukumar tacewa a Nijeriya ba, ta intanet ya shigo. Abin da ya fi saurin ta da hankali a kudancin Kaduna a 'yan shekarun nan shi ne guntun bidiyo na minti ɗaya a WhatsApp, hoton gawawwakin wata ƙasa ko na wata shekara, an liƙa masa sunan ƙauyen da ke kusa da mu da sunan ƙabilar da ake son a ce ita ta aikata. Wannan ba shi da furodusa da za a kira ofis, ba shi da takardar shaidar da za a janye, yana kuma iya tashi daga Gidan Waya ya isa Tudun Wadar Zariya kafin a idar da sallar la'asar. Mai tacewa yana can yana ƙidaya daƙiƙun da za a datse a fim ɗin da 'yan ɗaruruwa za su kalla a silima, wannan kuwa sai ɗan sanda mai bin sawu da alƙalin da zai zauna a kansa.